Bolar unguwarmu ta cika, ƙonawa za mu ci gaba da yi ko akwai wata dabara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwamitin unguwa ne a Tudun Wada, Gusau. Muna da bola a wani fili da ke bakin magudanar ruwa. Da rani mukan cinna mata wuta, da damina kuma ruwa ya jawo ta ta toshe kwalbati. Matasanmu sun ce akwai kuɗi a cikin shara. Gaskiya ne? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matasanku ba su yi ƙarya ba, amma kuɗin ba a cikin bola yake ba, a tsakar gida yake, tun kafin shara ta haɗu. Kwali busasshe kaya ne na sayarwa. Ranar da ruwan miya ya jiƙa shi ya tashi aiki. Saboda haka aikin ya fara daga mata da yaran da ke share gida: buhu ɗaya na busasshen kaya, bokiti ɗaya na abin da ke ruɓewa, sai ƙaramar leda ta abin da ba shi da amfani, irin su famfas. Ƙasa da toka kuwa a tara su gefe. Duk wanda ya taɓa tona bolar garuruwanmu ya san kaso mai yawa na nauyinta rairayin shara ne da toka, kuma su ne ke cika kura ana biyan kuɗin ɗauka a banza. Ana iya cike kududdufi ko ramin hanya da su.

A cikin busasshen kaya, jan ƙarfe na waya shi ne mafi daraja a wurin 'yan gwangwan, sai alminiyam na gwangwanin lemo da tsofaffin tukwane, sai baƙin ƙarfe. Maganaɗisu na raba gardama: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da bai kama ba a ware shi daban, kada a auna muku shi da farashin ƙarfe.

Roba ce ke rikita mutane, don ba iri ɗaya ba ce, kuma mai narkarwa ba ya son gauraye. Ku juya gindin robar, sau da yawa akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Lamba 2 jarka da robar man shafawa. Lamba 5 bokiti, kujera da kwanon roba. Lamba 4 leda mai laushi. Lamba 3 bututun famfo da fatar waya, kuma ita ce mai ɓata wa mai injin aiki in ta shiga cikin sauran. Inda babu lamba, a yanki ɗan guntu a jefa cikin ruwa: 2 da 4 da 5 suna tasowa, 1 da 3 suna nutsewa. Gorar ruwa a cire mata murfi, a take ta da ƙafa ta lotse, domin ba ta da nauyi, sai an tara gwammai kafin a cika kilo ɗaya, kuma kuɗin mota zuwa inda ake niƙa ta da girman buhu ake lissafa shi. Ledar fiya wata a tsage ta, a zazzage ruwan, a shanya. Jiƙaƙƙiya tana wari, mai saye kuma zai zabge muku nauyi. Kafin ku tara komai, ku fara zuwa wurin dillali ku ji abin da yake karɓa. Kada ku cika shago da kayan da babu mai saye a garin.

Wani abin kuma: ku tsayar da mai saye ɗaya ko biyu waɗanda mai unguwa ya sani, da rana ɗaya a mako. Wannan na rage zargin da ake yi wa 'yan jari bola in tukunya ta ɓace a zaure.

Abin da ke cikin bokiti shi ne taki, kuma nan ne ribar take ga garin da manoma da masu lambu suka kewaye. Da rani a haƙa rami, faɗi mita ɗaya, zurfi kamar rabin mita zuwa ɗaya, saboda ya riƙe danshi. Da damina a yi tsibi a kan tudu, kada ruwa ya kwanta a ciki. A shimfiɗa karan dawa ko na gero a ƙasa, kaurin taƙi ɗaya, don iska ta shiga. Sai busasshen ganye, ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa kashi biyu zuwa uku, sai ɗanyen kaya kashi ɗaya: ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, ragowar tuwo, kashin awaki ko na kaji. A barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake jerawa har ya kai ƙugu. A rufe da tsohon buhu ko tabarma.

Gwajin danshi da hannu ake yi. Damƙi ɗaya za ka matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ya yi daidai, in ya tsiyaya ruwa ya yi yawa, in ya warwatse ya bushe. A soka sanda a tsakiya a bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu, in an zaro ta a ji ta da zafi. Tsibi mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya shi duk mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa.

In ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, a juya a ƙara ƙaiƙayi. In ya yi zarnin fitsari, kashin kaji ko toka sun yi yawa, kuma wannan zarnin ƙarfin takin ne ke gudu. In gara ta shiga, ya bushe. Nama da ƙashi na jawo ɓera, a bar su. A ƙarshe a tankaɗe shi da ragar waya. Kada a tsallake wannan. Ledar da ta bi taki zuwa gona akuya ce ke haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa ciki a kumbure. Mahauta sun san wannan dunƙulen.

Batun ƙonawa: ku daina. Wutar bola ba ta da zafin da zai cinye roba, turnuƙewa kawai take yi kwana da kwanaki, kuma roba mai lamba 3 tana fitar da hayaƙi mai guba. Masu asma da jarirai ne ke fara shan wahala, tokar kuma ta bi ruwa. Wanda ya fi hatsari shi ne batirin mota da irinsa na sola. Cikinsa dalma ce da ruwan asid. Zamfara ba ta buƙatar a gaya mata illar dalma: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da aka niƙa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a kwata, a mayar da shi ga dillalin batir yadda yake. Allura da reza a zuba su a jarka mai kauri, in ta kusa cika a murɗe murfin a kai asibiti mafi kusa.

Abin da ya rage bayan wannan rarrabewa kaɗan ne, shi za ku nemi hukumar tsaftar muhalli ta riƙa kwashewa, a kuma matsar da wurin tarawa nesa da bakin ruwa. Kwalbati kuwa a yashe shi cikin Afrilu ko farkon Mayu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara dagwalon a bakin titi a watse. Ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A ba shi kwana biyu ya tsane, a kwana na uku kura ta ɗauke shi, kuma a yi cinikin kurar tun kafin a sa shebur na farko.