Tambaya da Amsa: Shin man shanu ne ke gina kitsen yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata takwas, kuma surukata ta dage sai na riƙa zuba masa man shanu a kunu, wai shi ne ke sa wa yaro kitse mai ƙwari. Shin kitsen jikin yara iri-iri ne, kuma abin da suka ci yana sauya shi?
Daga wata uwa, Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar surukarki tana da ƙamshin gaskiya, domin kitsen da ke ƙarƙashin fatar yaro haɗi ne na sinadarai da dama, kuma yawan kowannensu yana bin irin man da ke shiga cikinsa. Jariri sabon haihuwa kitsensa ya fi na babba yawan sinadarin falmitik, wanda ya cika manja da man shanu, shi ya sa yake iya daskarewa idan sanyi ya yi wa jaririn yawa. Yayin da yake girma, sinadarin olik, irin wanda ya yi rinjaye a man gyaɗa, yakan ƙaru har ya zama mafi yawa.

Sai dai waɗannan biyun jiki na iya sarrafa su da kansa, ko daga gero da shinkafa. Waɗanda ba ya iya yi su ne omega-6 da omega-3, kuma man shanu kaɗan yake da su. Gyaɗa da riɗi suna ba da na farko, waken suya yana da dukansu, kifi kuma yana kawo DHA, wani nau'in omega-3 da ƙwaƙwalwa da ido ke ginuwa da shi. Kifin teku irin su sardin ya fi na kogi wannan sinadari, amma ke da kike Argungu bai kamata kunun ɗanki ya rasa garin busasshen kifi ba, muddin an tsince ƙaya an daka shi lukui.

Kusan rabin kuzarin da ke cikin nonon uwa daga mai yake fitowa, kuma DHA ɗin cikinsa yana ƙaruwa idan kina cin kifi, don haka ki ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Man shanun kuwa, ba sai kin yi musu da Inna ba: ƙaramin cokali a kunu ba laifi, ki riƙa sauya shi da man gyaɗa.