Masoyan labarina ba sa taɓa juna: yaya mai karatu zai yarda soyayya suke yi?

Tambaya: Malam, ina rubuta littafin soyayya mai babi 30. Na ƙudurta cewa jarumin da jarumar ba za su taɓa juna ba har labarin ya ƙare, babu runguma, babu sumba, ko riƙe hannu babu. Waɗanda na ba su suka duba sun ce soyayyar lami ce, wai kamar wa da ƙanwarsa. Shin dole sai an taɓa jiki kafin labari ya yi armashi?

Amsa: Ba dole ba ne, Malama. Labarin Laila da Majnun, wanda Nizami ya tsara cikin waƙar Farisanci a 1188, kusan dukkansa rabuwa ce da bege, kuma har yau da shi ake misali. Sai dai masu duba miki ba su yi ƙarya ba. A cikin labari runguma shaida ce kawai da marubuci yake gabatarwa don a yarda akwai so. Kin janye wannan shaida, kuma bisa dukkan alamu ba ki kawo wata a madadinta ba.

Ki fara da dalili. Me ya hana su? Idan amsar ita ce "marubuciya ba ta so", mai karatu zai gane, domin zai ga mutum biyu da babu abin da ya tsare su amma suna tsaye ƙiƙam. Dole dalilin ya zama nasu. Yana iya zuwa daga waje, kamar alkawarin da aka yi wa wani, bambancin matsayi, nisa, ko imanin da suke riƙe da shi da gaske. Yana iya zuwa daga ciki, kamar girman kai, tsoron a ƙi mutum, ko tabon wata tsohuwar alaƙa. Na ciki ya fi daɗewa yana aiki, saboda ba a kawar da shi da mutuwar wani ko isowar wasiƙa. A littafin The Remains of the Day na Kazuo Ishiguro, wanda ya fito a 1989, shugaban ma'aikatan wani gidan masu sarauta a Ingila ya ɗauka mutuncin aikinsa shi ne kada ya taɓa nuna abin da ke ransa. Shekara da shekaru yana aiki da matar da yake so, kuma kusancin da ya fi kowanne tsakaninsu shi ne ranar da ta ɓamɓare wani littafi daga yatsunsa don ta ga abin da yake karantawa. Wannan ɗan abin ya yi nauyi ne saboda mun san katangar da ta tsallaka. Ki bayyana dalilin naki kafin babi na 5, kuma ki bari mu ga yana yi musu ciwo.

Yanzu maganar wa da ƙanwa, wadda ita ce zuciyar tambayarki. Wa yana kula da ƙanwarsa, yana kare ta, yana yi mata hidima, saboda haka kulawa kaɗai ba za ta raba su ba. Bambancin shi ne wa ba ya ɓoye kulawarsa, ba ya kuma daburcewa. Dubi wannan jimla, irin wadda ake yawan gani: "Ya kalle ta, ya ji sonta ya cika masa zuciya." An faɗa mana, ba mu ga komai ba. To, ga wata hanyar:

"Ta shigo ɗakin taron a makare. Kafin ta kai kujerarta ya miƙe ya rufe tagar da ke bayanta, ya dawo ya ci gaba da bayaninsa bai dube ta ba. Sai da ya kai tsakiyar jimla ya ga ya manta lissafin da yake karantowa. Wata biyu ke nan da ta ce iska tana tayar mata da ciwon kai, kuma ba ma shi take gaya wa ba."

Abu uku ne ke aiki a nan. Ya riƙe maganar da ba a yi dominsa ba, ya ƙi dubanta don kada a gane, sannan jikinsa ya tona masa asiri. Ki lura cewa hana taɓawa ba ya nufin cire jiki daga labari. Murya tana sauyawa, hannu yana rasa inda zai zauna, mutum yana sanin inda ɗayan yake a ɗaki ko bai waiwaya ba. Idan kika share wannan duka, abin da zai rage abota ce. Ki kuma samar da tauraro na uku mai ido, ƙawa ko abokin aiki, wanda zai gano su tun kafin su amince wa kansu. Tsokanarsa ta layi biyu ta fi shafi guda na tunanin zuci.

Daga nan sai tsani. A babi 30, ki tsara manyan haɗuwa bakwai ko takwas, wato kusan ɗaya a kowane babi huɗu, kuma kowacce ta sauya wani abu da ba zai koma yadda yake ba. Tunda ba ki da matakan jiki, ki hau da wasu: yadda suke kiran juna, daga laƙabin aiki zuwa suna, sirrin da ɗaya ya sani game da ɗaya, daga ƙarami zuwa wanda zai iya rusa shi, da kuma asarar da kowa ya yarda ya yi saboda ɗan'uwansa, daga ɓata awa guda zuwa rasa aiki ko ɓata da dangi. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki haɗuwar babi na 8 ki musanya ta da ta babi na 20. Idan labarin bai karye ba, to wuri ɗaya suke tsaye tun farko, kuma wannan ne lamin da aka ce miki.

Wani abu na zahiri da zai riƙa shiga tsakaninsu yana taimakawa ƙwarai. Masu shirya fim a Amurka sun ƙware a wannan dole tasa, domin daga 1934 zuwa 1968 suna ƙarƙashin ƙa'idojin tace fim da ake kira Hays Code, waɗanda suka taƙaita nuna sha'awa. A fim ɗin It Happened One Night na 1934, bargo ne aka rataya a igiya tsakanin gadajen jaruman biyu, kuma faɗuwar bargon a ƙarshe ita ce ta sanar da komai. Naki yana iya zama alƙalamin aro da ba a mayar ba, ko littafi mai rubutun hannu a gefen shafi. Abu ɗaya ya isa, ya fito sau uku, kowane karo da sabuwar ma'ana. Wasiƙa ma haka. A Persuasion na Jane Austen, wanda aka buga a ƙarshen 1817, jarumin ya rubuta wa jarumar wasiƙar bayyana sonsa suna ɗaki ɗaya, yana jin hirar da take yi da wani, shekara takwas bayan ta warware baikonsu.

Kurakuran da suka fi kashe irin wannan labari sanannu ne. Na farko haɗa ido. Ki nemi "suka haɗa ido" da "gabanta ya faɗi" a rubutunki, ki bar uku ko huɗu na kowanne, ki goge sauran, don abin da aka maimaita sau arba'in ya daina nufin komai. Na biyu katsewa: ana dab da furta magana sai waya ta yi ƙara ko a ƙwanƙwasa ƙofa. Sau ɗaya an yafe, na biyu mai karatu ya fara jin ana wasa da hankalinsa. Gara ɗayansu ya fasa da kansa, domin fasawar tana nuna hali. Akwai kuma rashin fahimtar da jimla ɗaya za ta warware amma a ja shi babi goma, da dogayen jawaban so da ake cike giɓi da su. A ganina jawabi ya fi duka illa, saboda marubuci yana jin ya yi aiki alhali ya kashe ɗokin da ya tara.

Akwai kuma ma'auratan labari da taɓawa ba ta gabansu tun asali, kamar tsofaffin da suka shekara arba'in tare, ko mutanen da sha'awar jiki ba ta dame su ba. Su ba a gina su kan danniya, a kan sanin juna ake gina su: ta san ƙaryarsa daga yadda ya gyara zama, shi kuma ya san shirun fushinta daban da na gajiya. Kada ki haɗa wannan salo da na masu danne so a kan ma'aurata ɗaya, mai karatu zai rikice.

Ƙarshen littafin kuwa bashi ne, sai kin biya. Tunda ba sumba za ta rufe shi ba, ki rufe da zaɓi mai tsada da ɗayansu zai yi a gaban mutane, inda ba zai iya janyewa ba. Ki sa shi a wajen babi na 27 ko 28, ki bar babi biyun ƙarshe su nuna abin da zaɓin ya jawo musu.