Kwamfuta mai sanyaya da ruwa a zafin Yamai, za ta yi kuwa?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke zaune a Yantala, yana aikin montaj na bidiyon biki da suna, da dare kuma yana ɗan taɓa wasan gem. Ga abin da ya rubuto:

"Salamu alaikum Malam. Na tara kuɗi ina so in haɗa babbar kwamfuta, Core i9-14900K da RTX 5090, yayana da ke Faransa zai aiko min da kayan. So nike ta zama irin mai tiyo na gilashi da ruwa mai kala yana zagayawa a ciki, don an ce min ita zafi bai kama ta ko a bazara. Ɗakina fanka ce kawai babu kilim. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ce maka zafi bai kama ta, ina jin randa yake tunani. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana gumi, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan ciki ya fi iskar ɗaki sanyi. Na kwamfuta kuwa a rufe yake ruf, babu inda yake gumi, aikinshi dako ne kawai: ya ɗauko zafi daga kan furosesa da kart girafik ya kai wa lagireto, fankoki su hura shi cikin ɗakinka. Wato ruwan ba zai taɓa yin ƙasa da zafin ɗakin ba, kullum sama yake da shi, sau da yawa da digiri 10 ko fiye in ana aiki mai nauyi.

To yanzu mu yi lissafi irin na watan Afrilu da Mayu, lokacin da waje ke haura 40 ba wasa, a ce ɗakinka na 38 da rana. Ruwa ya kai 50 ke nan ko kusa. Famfon D5 da kusan kowa ke sawa don zagaya ruwan, iyakar zafin ruwan da aka yarje masa 60 ne, kai kuma ga ka nan kana shawagi kusa da bakin iyaka kullum, furosesan kuma yana can sama da ruwan nesa, shi 14900K in ya taɓa 100 da kanshi yake rage gudu don kar ya ƙone, sai ka ga bidiyon da kake fitarwa yana jan ƙafa alhali ka zuba miliyoyi. Kuma kar ka manta inda zafin ke zuwa. Kart girafik ɗin, RTX 5090, kaɗai wat 575 take ci, furosesan yana kai 253, ka haɗa da sauran tarkace ka doshi 900. Kamar ka kunna dutsen guga ne a ɗaki ka rufe ƙofa ka zauna kusa da shi awa huɗu. Ɗakin yana ƙara zafi, ruwan yana ƙara zafi, haka za su yi ta bin juna.

Don haka ni kuɗin farko ba kan tiyo zan sa shi ba, kan kilim zan sa, sai ondilar, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai ƙarfin gaske, ba irin ƙananan nan na biro da ke ƙara da an ɗora musu firinta ba. Injin da ke jan kusan wat 900 yana son ondilar da ta fi hakan da rata, kuma ka duba wat ɗin da aka rubuta, ba VA kaɗai ba, don ba ɗaya suke ba. Akwatin wutar kwamfutar ma kar ya gaza wat 1000, ni 1200 zan ce yayanka ya sayo.

In duk da haka ranka na kan ruwan, kuma na gane, abin yana da kyau wallahi in an kunna fitilu da dare, to ga inda mutane ke faɗuwa. Tiyon da kake gani kamar gilashi yawanci roba ce, ko PETG ko akirilik. PETG yana da sauƙin lanƙwasawa amma da ruwa ya yi zafi sosai yake fara laushi, bakinshi ya saki a wajen mahaɗa, ɗigo ya fara, kuma ɗigon bai san ko'ina ba sai bayan kart girafik. A ƙasarmu ban ba kowa shawarar shi ba. Akirilik ya fi jure zafi sai dai yana tsagewa in hannunka bai saba ba. Wanda zai fara yau, baƙin tiyo mai laushi na robar EPDM, 10/16 (milimita 10 ciki, 16 waje), shi ne kwanciyar hankali, ba ya ƙyalli amma shekaru yake yi bai ce komai ba. Mahaɗan duka girman bakinsu G1/4 ne, ka ce a ƙaro maka biyu ko uku da zobban roba na rara, don in ɗaya ya lalace ba za ka zagaya kasuwa ka samo shi da yamma ba, sai ka jira wani ya taso daga waje.

Lagireto kuwa kar ka yi rowa. Wannan kayan naka na milimita 360 guda biyu shi ne mafi ƙaranci, in akwatin zai ɗauki uku ka sa uku, don mu nan faɗin lagireto ne babban abin da ke rage ratar da ke tsakanin ruwa da iska.

Sai maganar ƙarfe da ruwan kanshi, a nan ne na taɓa shan kunya. Shekarun baya na haɗa wa wani mai sitidiyo, bulok, wato abin da ke zama kan furosesa ruwa na bi ta cikinshi, na jan ƙarfe, lagireto kuma na samu mai araha ban bincika ba ashe alminiyam ne, ga shi ruwan da na zuba babu maganin tsatsa. Wajen wata biyar ya kira ni wai injin na mutuwa da kanshi. Da na kwance bulok ɗin, ƴan siraran layukan nan na ciki da ruwa ke bi duk sun toshe da wani abu fari-fari kamar kamu, sai da na zauna da buroshin haƙori ina gogewa shi kuma yana tsaye a kaina bai ce uffan ba. Jan ƙarfe da alminiyam in suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Ka tsaya kan jan ƙarfe, nikel da tagulla, su suna zama lafiya da juna. Ruwan famfo ko piya wata kar ya shiga, akwai gishiri a ciki, gansakuka kuma na son ɗumi. Tataccen ruwa ake sawa da maganin da aka yi don haka, kuma in za ka saya wajen masu batir ka buɗe ido, akwai tatacce akwai mai asid, kwalaben na kama da juna. Mai kala mai kauri irin madara ɗin nan kuwa hoto kawai yake yi wa kyau, yana kwantawa ya toshe bulok.

Kafin ka ba kart mer, wato babban allon da komai ke maƙale a kai, wuta, ka gwada ɗigo: famfo kaɗai ke aiki, ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa ka bar shi ya kwana. Bayan nan ruwan ana canja shi kamar sau ɗaya a shekara, ƙura kuma ita ce abokiyar zamanka, da hunturu lagireto yana cika kamar an yi masa bargo, sai ka riƙa hure shi duk sati biyu, ka ɗora akwatin kan tebur ba ƙasa ba.

Da ni ne kai, mai cin abinci da injin nan, zan sa wa furosesa irin na rufe da ke zuwa a haɗe, AIO na 360 ko 420 kamar Arctic Liquid Freezer III, ko ma Noctua NH-D15 na iska zalla in na sauka zuwa furosesan Ryzen da bai kai wancan ci ba, in bar kart girafik da fankokinta, in rage mata wuta zuwa kashi 80 cikin ɗari, da ƙyar za ka ji bambanci wajen aiki amma zafin zai ragu sosai. Ragowar kuɗin a sa kilim. In bazara ɗaya ta wuce ka ga yadda injin ke numfashi a ɗakin, ka turo min lambobin zafin da hoton cikin akwatin, sai mu zauna mu auna inda tiyo zai bi.