Kan otal ɗin da za ki sauki Hajiya a Makka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ki ladan kai mahaifiya Umara. Na ga kin ce ejan ya ba ki zaɓi biyu, ko babban otal mai tauraro biyar da bas ke kaiwa Harami, ko wani ƙarami da ya ce yana kusa, ga shi kuma Hajiya na fama da ciwon gwiwa. Sau uku na je, biyu daga ciki da tawa tsohuwar, to bari in gaya miki abin da na gani.

Kada ki ba shi ko sisi sai ya rubuto miki sunan kowane otal da titin da yake. A bakin ejan kowane gida kusa da Harami yake. Mu zuwanmu na farko an ce mana mita 600 ne, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai ba wanda ya gaya mana cewa a kan tudu yake ta wajen Ajyad. Makka garin duwatsu ce. Tafiya masallaci gangara ce mai daɗi, dawowa bayan Isha'i kuwa sai tawa tsohuwar ta tsaya sau uku ta dafa bango tana haki. A kwana na uku ta haƙura, Azahar da La'asar a ɗaki take yi, tana jiyo liman ta taga. Abin ya tsaya min a rai har yau. Da muka koma sai na nemi titin Ibrahim Khalil, inda ƙasa take a shimfiɗe. Otal ɗin ya fi na farko nisa a takarda, amma ba ta rasa jam'i ba. Ki kuma sani mitocin nan har bakin farfajiya ake auna su, daga nan zuwa wurin ɗawafi wata tafiyar ce.

Na bas ɗin ba laifi ga matashi. Amma bas a tasha take ajiye mutum, ba a ƙofar masallaci ba, kuma da an sallame salla kowa ita yake nema, turereniya kamar motar kasuwar ƙauye. Ranar Juma'a kam ba a magana. Masu jin daɗinsa su ne masu fita tun La'asar su zauna a Harami har Isha'i. In Hajiya ba za ta jure wannan zaman ba, taurarin nan biyar ba abin da za su tsinana mata.

Abin da ba wanda ke faɗa shi ne lif. An taɓa ba mu hawa na 19, muna ta murna wai muna hango gari. Ana saura minti 20 a kira salla duk lif ɗin da ta buɗe a cike take maƙil, sai dai ku haɗa ido da na ciki ta rufe. Dabarar da na koya ita ce in shiga mai hawa sama in dawo ƙasa da ita. Tun wajen karɓar katin ɗaki ki roƙi hawa na ƙasa-ƙasa kusa da lif, ki nuna musu Hajiya, suna ganin girman tsofaffi. Ɗaki mai kallon Ka'aba kuwa ni ban ga amfanin kuɗinsa ba, Ka'abar ce fa za ku je gabanta sau biyar a rana.

Yawancin otal ɗin can sai wajen ƙarfe 4 na yamma suke ba da ɗaki, a fita kuma 12 na rana. In za ku iso da safe, ki sa ejan ya kama ɗakin tun daren jiya, ko da ƙarin kuɗi, don zaman jira da harami a jiki bayan doguwar tafiya ba ƙaramin abu ba ne ga tsohuwa. Kuna shiga, kafin ki kwance kaya, ki gwada ruwan zafi da esi, ki duba ko masan na zama ne, ki nemi kujerar roba ta wanka. In da matsala a lokacin ake canja ɗaki cikin sauƙi. Ki karɓi mai haɗe da karin kumallo, ku ci ku ƙoshi bayan Asuba ku kwanta. Ki tafi da garin kunu, butar lantarki ta ɗaki ta isa damawa. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku. Wanki kuma ki kai shagunan bayan layi, na otal tsada ne da shi.

Madina da sauƙi, ƙasarta a baje take. Ki dai nemi otal ta arewacin masallaci, don ta nan wuraren sallar mata suke, kuma ki nemi izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk da wuri.

Ni dai ƙaramin zan ɗauka, muddin ba a kan tudu yake ba. Ki turo sunayen biyun nan, akwai waɗanda suka dawo kwanan nan, wataƙila wani ya sauka a ɗayansu.