Cocin Sant Climent na ƙauyen Taüll: wa ya gina shi, ina zanen cikinsa ya tafi?

Tambaya: Malam barka da aiki, na ga hoton wani tsohon coci mai doguwar hasumiya a ƙauyen Taüll can Sifaniya, ta yaya ɗan ƙauye cikin duwatsu ya samu irin wannan gini, kuma wai da gaske zanen bangonsa baya wurin?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, sunansa Sant Climent, yana kwarin Boí a tsaunukan Firenis yankin Kataloniya, an keɓe shi don ibada a Disamban 1123. Kuɗin dai ba na talakawan ƙauyen bane, iyayen ƙasar ne ƴan gidan Erill suka zuba dukiya, kuma kaso mai tsoka ganima ce da suka samo sanda suka bi sarki Alfonso na ɗaya na Aragon yaƙi da garuruwan Musulmin Andalus, a zamanin ne birnin Saragosa na Musulmi ya faɗa hannunsa a 1118.

Salon ginin shi ake cewa Romanesk, wato bango mai kauri na dutse, tagogi ƴan mitsi-mitsi, ƙofa da taga duk an lanƙwasa samansu rabin da'ira kamar bakan gizon da maginanmu ke ɗaurawa a soro. Ciki layi uku ne ginshiƙai sun raba su, rufin katako ne, ta gabas kuma akwai lungu mai zagaye inda limamin coci yake tsayawa. Ni dai hasumiyar ce ta fi burge ni wallahi, hawa 6 ce siririya, an bubbuɗe mata tagogi ta kowane ɓangare shi yasa bata yi wa ido nauyi ba, kuma bayan ƙararrawa har tsaron kwarin ake yi daga samanta.

Maganar zane kuwa gaskiya ne. Wajen 1919 dillalai suka ɓanɓare zanen wani coci a Mur, nan Kataloniya, ya ƙare a Boston ta Amurka, hankalin hukumar gidajen tarihi ta Basalona ya tashi sai suka yi maza suka sayi na Taüll, ƙwararru daga Italiya suka manna ƙyalle da gam a bango suka ɗago fatar fentin a hankali aka kai birni, tsakanin 1919 da 1923. Abin da ciwo ace ƙauye ya rasa kayansa, amma da ba'a yi haka ba da tuni ya haye teku. Yanzu asalin yana gidan tarihin fasahar Kataloniya (MNAC) a Basalona, a cocin kuma tun 2013 da na'ura ake haska hotonsa a bangon. UNESCO ta sa cocinan kwarin cikin kayan tarihin duniya a 2000.