Ƙarancin G6PD ba sikila ba ne, 'yar uwa

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce jaririnki ya yi shawara, aka gwada shi aka ce yana da ƙarancin G6PD, kina tambaya ko wani nau'in sikila ne. Ba sikila ba ne, ki kwantar da hankalinki. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a nan Birnin Kebbi, kuma da wannan lalura na haifi ɗana na biyu, ga shi yanzu yana firamare lafiya lau.

G6PD sinadari ne daga cikin waɗanda ake kira enzayim. Aikinsa shi ne ya sarrafa sukarin jiki ya samar da wani sinadarin mai suna NADPH, wanda shi ne garkuwar jajayen ƙwayoyin jini daga abubuwan da ke lalata su, kuma waɗannan ƙwayoyin ba su da wata hanyar samunsa sai ta G6PD. Idan G6PD ya yi ƙaranci, yaro yana nan garau har ranar da wani magani, ko kafur, ko zazzaɓi mai zafi ya taɓa shi, sai ƙwayoyin su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jini ya ragu. Nau'in da ya fi yawa a Afirka yana da sauƙi a kan na yankin Bahar Rum, domin enzayim ɗin yana aiki a sabuwar ƙwayar jini, sai dai ƙarfinsa ya ƙare da wuri kafin ta cika kwana 120 da ta saba yi. Saboda haka tsofaffin ne ke fashewa, sababbin su tsira. Shi ya sa gwajin da aka yi lokacin da ciwon ya tashi yakan nuna kamar babu komai, mu kan ce a maimaita bayan wata uku.

Nawa, kafur ne ya tayar masa. Na adana kayan jarirai a akwati tun ina da ciki, na zuba kafur saboda kyankyasai, duk da aikina ban kawo komai a raina ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Kwana uku da haihuwa idonsa ya juya. Iyayenmu suka ce a shanya shi a hantsi a ba shi ruwan sukari, kuma da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma muka tafi asibiti, ya yi kwana huɗu a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar da ake maganin shawara da ita. Shawarar jariri idan ta yi tsanani tana hawa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko kasa riƙe wuya, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ki fitar da kafur daga ɗakin gaba ɗaya, ki wanke duk kayan da ya taɓa. Kada a sa masa lalle ranar suna, domin lalle yana fasa jinin irin waɗannan jarirai. A magungunan da za a guje wa akwai primaquine na zazzaɓin cizon sauro, wanda ta dalilinsa ne aka gano wannan ƙaranci a Amurka a 1956, da dapsone na kuturta, da nitrofurantoin na ciwon fitsari, kuma ke ma mai shayarwa kada ki sha magani sai likita ya san halin yaron. Waken da aka hana shi ne ful na Larabawa, wanda alhazai ke ci a Saudiyya, ba wakenmu na ƙosai da alala ba.

Gadonsa ta ƙwayar halitta ta X yake bi, wadda namiji ke samu daga uwarsa kawai, don haka ɗa namiji daga uwa yake ɗauka, uba kuma 'ya'yansa mata yake ba wa. Kada wannan ya sa ki zargi kanki, mutane kusan miliyan 400 ne ke ɗauke da shi a duniya, mafi yawa a ƙasashen da sauro ya addaba. Ki sa a gwada sauran yaranki, musamman maza, kuma a rubuta G6PD a katin asibitinsa, ki nuna wa duk wanda zai ba shi magani, ko da mai kemis ne. Allah ya raya mana shi.