Tambayoyinku: Kofin Duniya, Harajin Trump da Kujerar Afirka

Wasiƙun da suka iso wannan karon galibinsu a kan labaran duniya ne, kuma huɗu kawai fili ya ɗauka. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, FIFA ta ƙara yawan ƙasashen da ke buga gasar cin kofin duniya daga 32 zuwa 48. Abokaina suna murna wai an yi wa Afirka adalci, ni kuwa gani nake an lalata gasar saboda kwaɗayin kuɗi. Wane ne mai gaskiya a cikinmu? (Daga wani mai sha'awar ƙwallo)

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, batun kuɗi da ka kawo ba zargi ba ne, lissafi ne da kowa zai iya yi. A watan Janairun 2017 aka yanke wannan shawara, aka ce za ta fara aiki daga gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko, kuma daga ƙarshe wasanni suka tashi daga 64 zuwa 104. Kowane ƙarin wasa ƙarin tikiti ne, da talla, da kuɗin da gidajen talabijin ke biya, alhali 'yan wasan da za su ɗaga kofin sai sun buga wasa takwas maimakon bakwai bayan sun gama wata tara suna yi wa ƙungiyoyinsu gumi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ka kuma tuna cewa FIFA tana da mambobi 211, kowace ƙasa da ƙuri'a ɗaya ranar zaɓen shugaba, 54 daga cikinsu na Afirka ne, saboda haka duk wanda ya raba ƙarin gurabe ya san gonar da yake shuka.

Amma kada ka raina murnar abokanka, domin tana da tarihi. A gasar 1966 gurbi ɗaya tak aka ware wa Afirka da Asiya da Oshiyaniya gaba ɗaya, abin da ya sa ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa wasannin share fage, kuma sai a 1970 nahiyar ta samu gurbin kanta, wanda Maroko ta cike. A Qatar a 2022, inda Marokon ta fitar da Sifaniya da Portugal ta kai wasan kusa da na ƙarshe, gurabe biyar Afirka take da su, Turai mai ƙasashe 55 tana da 13. Yanzu Afirka tana da tara tabbas, Turai 16. Ta wannan ƙofa Cape Verde, tsibiran da mutanensu suka ɗan haura rabin miliyan, ta samu tikitinta na farko a Oktoban 2025.

Ni abin da ya fi damuna shi ne tsarin rukuni. Tsofaffin masu kallo ba su manta da birnin Gijon na Sifaniya ba, ranar 25 ga Yunin 1982. Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da 1, ta kuma gama wasanninta kwana ɗaya kafin Jamus da Ostiriya su haɗu, don haka ƙasashen biyu suka shiga fili sun san cewa idan Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, dukkansu sun wuce. Horst Hrubesch ya zura ƙwallo a minti na goma, daga nan aka yi ta tura ƙwallo baya da gefe har alƙalin wasa ya busa tashi, 'yan kallo suna ihu, Aljeriya ta tattara kayanta. Tun daga 1986 ake buga wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci ɗaya saboda wannan abin kunya. Da farko FIFA ta so rukuni 16 mai ƙasa uku-uku, wanda da ya sake buɗe wannan ƙofa, sai a Maris na 2023 ta dawo kan rukuni 12 mai ƙasa huɗu-huɗu. Duk da haka da sauran rina a kaba, domin ƙasashe takwas daga waɗanda suka zo na uku suna wucewa, ma'ana a buga wasa 72 don a sallami ƙasa 16 kacal, kuma rukunin da ya buga a ƙarshe ya riga ya san makin da ake nema. A irin wannan tsari Portugal ta yi canjaras sau uku a rukuni a gasar Turai ta 2016, ta kuma tafi da kofin. Ka gaya wa abokanka sun yi gaskiya a kan gurabe, kai kuma ka yi gaskiya a kan ingancin zagayen farko.

TAMBAYA: Malam, Shugaba Donald Trump ya sha faɗin cewa harajin da ya sanya wa kayan ƙasashen waje, su ƙasashen ne ke biya. Mijina ya ce ba haka ba ne. Don Allah a warware mana. (Daga wata malamar makaranta)

AMSA: Malama, maigidanki ya fi kusa da gaskiya. Ki ɗauka ga kwantena ta iso tashar jiragen ruwa a Amurka cike da takalma daga China. Ba ta fita sai an biya kwastam, kuma mai biyan shi ne kamfanin da ya shigo da kayan, wanda galibi na Amurka ne. Idan kayan na dala 100 ne, harajin kuma kashi 25 cikin ɗari, kamfanin zai zuba dala 25 a baitulmalin ƙasarsa. Daga nan zaɓi uku ke gabansa: ya matsa wa masana'antar China ta rage masa farashi, ko ya haƙura da wani kaso na ribarsa, ko ya ɗora a kan mai saye. A zahiri ukun suna gauraya, sai dai abin da aka gani a zangon mulkin Trump na farko shi ne mafi yawan nauyin a cikin Amurka ya sauka. Da aka sanya wa injin wanki haraji a 2018, farashinsa ya tashi da kusan kashi 12 cikin ɗari, har injin busar da tufafi, wanda ba a sanya wa komai ba, ya bi sahu, saboda tare ake sayensu.

Wannan ba ya nufin ƙasar da ke sayarwa ta tsira, domin idan kayanta suka yi tsada, mai saye yakan juya wani wuri. Ranar 2 ga Afrilun 2025 Trump ya sanar da harajin kashi 10 a kan kusan kowace ƙasa, da ƙari mai yawa a kan waɗanda Amurka ke saye a wurinsu fiye da yadda take sayar musu. Da wannan ma'auni ƙaramar ƙasar Lesoto, mai sayar wa Amurka wandunan jins da lu'ulu'u amma ba ta da aljihun sayen kayan Amurka, ta wayi gari da kashi 50. An dakatar da ƙarin bayan mako ɗaya, daga baya aka sauko da shi zuwa 15, amma kafin nan masu oda sun ja baya, teloli mata da dama a masana'antun ƙasar sun zauna a gida. China kuwa, da yake tana da abin ramawa, da aka kai mata harajin kashi 145 ta mayar da kashi 125, har sai da ɓangarorin biyu suka zauna a Janeba cikin watan Mayu suka sassauta. A ganina haraji yana iya kare wata masana'anta guda da ƙasa ta ƙudura raya ta, amma wanda ake sauyawa kowane mako ba ya sa ɗan kasuwa ya aza tubalin sabuwar masana'anta, jira kawai yake sa shi.

TAMBAYA: Da gaske ne kwamfuta ta ci kyautar Nobel? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: A'a, ɗana, mutane suka ci. A Oktoban 2024 an raba kyautar ilimin sinadarai tsakanin David Baker a gefe guda, da Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind a ɗaya gefen. Su biyun ne suka jagoranci ƙera AlphaFold, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai hasashen siffar furotin. Furotin kamar carbi yake, jerin ƙwayoyi iri ashirin da ke naɗewa su ba da siffa, siffar kuma ita ke nuna aikinsa a jiki da inda magani zai kama shi. A da ɗalibin digiri na uku yakan shafe shekaru a kan guda ɗaya, ga shi manhajar ta yi hasashen sama da miliyan 200. Abin da kanun labarai suka tsallake shi ne a kan me ta koya: rumbun siffofin da masu bincike suka yi ta tarawa ɗaya bayan ɗaya a ɗakunan gwaji tun daga 1971.

TAMBAYA: Malam, yaushe Afirka za ta samu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya? (Daga wani dattijo)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba na ganin abin kusa. Tun 2005 Tarayyar Afirka ta nemi kujeru biyu masu ikon hawa kujerar na ƙi. A Satumban 2024 Amurka ta ce ta yarda da kujerun biyu amma ban da wannan iko, wato ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gyara kundin Majalisar yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na mambobi, ciki har da Amurka da Rasha da China da Birtaniya da Faransa baki ɗaya, kuma sau ɗaya aka taɓa faɗaɗa kwamitin, a 1965, daga kujeru 11 zuwa 15, ba tare da an ƙara ta dindindin ko ɗaya ba. Ko da sun amince gobe, har yanzu Afirka ba ta fitar da sunayen ƙasashe biyun da za su zauna ba.